Tsofaffi biyun da nake zuwa gidansu a Manchester: wannan ma so ne?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na rasa wanda zan faɗa wa, shi ne na ce bari in kawo nan. Shekarata biyu ina aikin kula da tsofaffi a Manchester, irin wanda ake bin su gida-gida a yi musu wanka, a ba su magani, a gyara musu shimfiɗa. Wata biyar da suka wuce aka ƙara mini wani gida. Tsoho ne ɗan shekara 81, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. A takardar da aka ba ni an rubuta cewa yana zaune da mijinsa. Na ɗauka kuskuren rubutu ne, sai da wani dattijo mai furfura ya buɗe mini ƙofa.

Ba zan ɓoye muku ba, makon farko raina bai kwanta ba. Ina gama aikina nake ficewa, ko shayin da yake haɗa mini ba na taɓawa. Amma ido ba ya ƙin gani. Mutumin nan shekararsa 78, shi ma gwiwa ta hana shi sakat, amma kafin in iso ƙarfe bakwai ya riga ya niƙa abinci, ya zuba garin da ke sa shayi kauri don kada marar lafiyar ya ƙware, ya yi masa aski. Gadon asibiti aka kafa musu a falo saboda ɗakin kwana yana sama, shi kuma a kujera yake kwana kusa da gadon, shekara uku ke nan. In marar lafiyar ya yi wani gurnani da ni ban gane komai a ciki ba, shi daga kicin zai ce, filo yake so a ɗaga masa. Kuma haka ne.

Na san abin da addinina ya ce, ba fatawa na zo nema ba. Tambayata ita ce: abin nan da nake gani kullum, so ne? In ba so ba ne, mene ne sunansa?

Dan_Fagge:
A'uzu billahi. 'Yar uwa, wannan shaƙuwa ce kawai da tausayi. Ko kyanwa ka zauna da ita shekara da shekaru za ka shaƙu da ita. Ki yi aikinki ki karɓi kuɗinki, kada zaman Turai ya sauya miki zuciya.

Hajiya_Zango:
Ɗana Dan_Fagge, kyanwa ba ta kwana a kujera shekara uku saboda kai. Ni daga Kumasi nake rubutu, kuma na yi jinyar maigidana shekara shida kafin Allah ya karɓi abinsa. Na san warin ɗakin jinya. Na san yadda dangi ke cika gida a watan farko, zuwa wata na shida sai ka ji shiru kamar an ɗauke ruwan sama. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duk abin da yarinyar nan ta lissafa, har sanin ma'anar gurnanin, na yi shi da hannuna, kuma ni ban san wani suna da ake kiran sa ba in ba so ba. Hukuncin abin da ke tsakaninsu ba nawa ba ne, na bar wa malamai da Mai sama. Amma ba zan ga tuwo in ce masa fura ba.

Malam_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kin ce ba fatawa kike nema ba, to amma tunda jama'a na karantawa wajibi ne in faɗa: aikin mutanen Annabi Luɗu haramun ne, babu saɓani a kan wannan tsakanin mazhabobi huɗu, kuma ɗaurin auren da hukumar can ta yi musu ba aure ba ne a shari'armu. Wannan ɗaya.

Na biyu, haramcin aiki ba ya nufin zuciyar mai aikin dutse ce. Mutum yana iya ƙaunar wani ƙauna ta gaskiya alhali hanyar da ya bi ba ta halatta ba. Ba sai mun ƙaryata idonmu ba kafin mu riƙe addininmu. Ya tabbata cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne sai ya ce ashe ba rai ba ne. Marar lafiyar nan amana ce a hannunki, ki yi masa wanka yadda za ki yi wa mahaifinki. Kuma ki sha shayin nan, ƙanwata. Dattijo ya haɗa miki, ƙin sha wulaƙanci ne da ba wanda ya umarce ki da shi.

Bakatsine_Leeds:
Ni tasi nake ja, shekara goma sha ɗaya, yawanci aikin dare. Kujerar baya ta nuna mini duniya. Na ɗauki mata da miji suna rigima a kan wa ya kalli wa a wurin biki, na ɗauki mata biyu suna irin wannan rigimar, kalma da kalma, har da kukan da shirun da ke biyo baya. Na taɓa kai wani saurayi asibiti ƙarfe uku na dare saboda an kira shi cewa abokin zamansa ya yi haɗari da babur. Yadda yaron nan yake karkarwa yana cewa in yi sauri, haka na yi ranar da matata take naƙuda. Ban karɓi kuɗinsa ba, ban ma tuna da mita ba.

Dan_Fagge:
To ai shi ke nan, a hankali ake farawa. Yau tausayi, gobe a ce a halatta. Abin da Turawa suka ƙirƙiro suke son cusa mana ke nan.

Dalibar_Tarihi:
Yaya Dan_Fagge, da girmamawa, tarihi bai goyi bayan maganarka ba. Turawan Ingila da kansu sun daɗe suna ɗaure mutane a kan wannan. Sai a 1967 aka cire shi daga laifi a Ingila da Wales, shi ma da sharaɗin maza biyu da suka kai shekara 21, a keɓe. Ke nan tsohon da Maman Ilham take yi wa wanka ya yi samartakarsa a lokacin da ɗan sanda zai iya kama shi.

A Wilmslow ma, kusa da garin da take zaune, aka kama Alan Turing a 1952, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a yaƙin duniya na biyu, wanda ake lissafa shi cikin iyayen ilimin kwamfuta. Kotu ta ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar da ke kashe sha'awa, ya zaɓi allura, ya mutu a 1954. Sai a 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam 50. Anti, in kin bi ta Sackville Gardens kusa da Canal Street za ki ga mutum-mutuminsa zaune a benci. Rajistar zaman tare a hukumance ga masu jinsi ɗaya ta fara a ƙarshen 2005, auren jinsi kuma a Maris 2014. Su ma jiya-jiya suka sauya, kuma ba cikin ruwan sanyi ba.

Lauya_Garki:
Ƙari a kan abin da ɗalibar tarihi ta ce. Hukuncin ɗaurin shekara 14 da ke cikin kundin laifuka na Najeriya gadon mulkin mallaka ne, Turawan ne suka rubuta shi. Daga 2000 jihohin Arewa goma sha biyu suka kawo dokokin shari'a nasu. Sannan a Janairu 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, ko ya shiga ƙungiyarsu, ko suka nuna soyayya a bainar jama'a. Ku lura, wata biyu kacal tsakanin wannan da fara ɗaurin auren a Ingila. Ina faɗin haka ne don duk mai rubutu a nan daga gida ya san inda yake taka ƙafa.

Dan_Fagge:
Doka daban, al'ada daban. Kakanninmu ba su san wannan ba.

Baba_Sabongari:
Yaro, ni na haura saba'in, kuma a Kano na yi ƙuruciyata. In kakanninmu ba su san abu ba, ina suka samo sunansa? Kalmar maɗigo Bature ne ya koya mana? Muna samari, 'yan daudu ne ke sayar da tuwo da soyayyar kaza a tasha, su ake kira dafa abincin biki, da su ake wasan bori. Ana tsokanar su, ana yi musu dariya, malamai na yi musu wa'azi, amma in ɗayansu ya mutu ana sallatarsa a kai shi makwancinsa. Akwai wanda na sani a unguwarmu, shi ya riƙe mahaifiyarsa makauniya har ta rasu alhali 'yan uwansa masu rawani sun watse. Ban ce a yi koyi da su ba. Na ce an zauna da su, ba a farauce su da sanda da kyamarar waya ba.

Yar_Damagaram:
Baba, gyara kaɗan don masu karatu kada su haɗa. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, da yawansu suna da mata da 'ya'ya, daudu maganar ɗabi'a ce da sana'a da salon magana. Haka kuma akwai mai neman maza da ba za ka taɓa gani a tafiyarsa ko muryarsa ba. A nan Zinder ma haka muka taso muka gani.

Baba_Sabongari:
Gaskiyarki 'yata, na karɓi gyara.

Abban_Sadiq:
Ni damuwata ba tsofaffin nan ba ne, Allah ya ba marar lafiya sauƙi. Damuwata 'ya'yana. A Birmingham nake, kuma ina nan a 2019 lokacin da iyaye Musulmi suka yi ta zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare saboda littattafan da ke nuna yaro mai uwa biyu ko uba biyu. Ɗana ɗan shekara bakwai ya dawo ya tambaye ni ko namiji na iya auren namiji. Me zan ce masa? In na ce a'a ya ce malama ta ce e. Wanda yake Kano ba zai gane nauyin wannan ba.

Maman_Ilham:
Abban Sadiq, ni ma Ilham ta yi mini wannan tambayar. Abin da na ce mata shi ne a dokar ƙasar nan ana yi, a addininmu ba a yi, kuma ba a zagin kowa. Ta ce to, ta ci gaba da wasanta. Amma don Allah mu dawo kan tambayata, ba maganar makaranta na kawo ba.

Wani ya turo mini saƙo ta gefe yana tambayar unguwar da gidan yake. Ba zan faɗa ba, ba zan faɗi sunansu ba, aikina ya hana kuma mutunci ma ya hana.

Malam, na sha shayin. Jiya na zauna minti goma bayan na gama, na tambayi dattijon yadda suka haɗu. Ya ce daga wani ƙaramin gari ya gudo Manchester yana ɗan shekara ashirin da wani abu, saboda a garinsu kowa ya san kowa, kuma mahaifinsa ya ce kada ya sake taka masa gida. A tashar bas suka fara gaisawa. Shekaru da yawa suna gaya wa mai gidan haya cewa su abokan aiki ne da ke raba kuɗin ɗaki, har gado biyu suka ajiye saboda masu leƙe. Ya ce lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, a bayan coci ya tsaya shi kaɗai, ɗayan yana jiransa a mota a ƙarshen layi. Yana ba ni labarin yana goge wa marar lafiyar yawu a gefen baki, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Dalibar_Tarihi:
Wannan gudu zuwa birni ba shi kaɗai ba ne. A ƙidayar 2021 aka fara tambayar mutanen Ingila da Wales wannan batu, kusan mutum miliyan 1.5 suka ce su masu son jinsinsu ne ko masu son jinsi biyu ko makamancin haka, wato kashi 3.2 cikin ɗari na 'yan shekara 16 zuwa sama. Amma a Brighton sun haura kashi 10 cikin ɗari, Manchester da wasu unguwannin Landan ma suna gaba-gaba. Ba ruwan birni ne ke sauya mutum ba. A ƙauye ake haifar da yawansu, birni suke zuwa don a can maƙwabci bai san sunan kakanka ba.

Baƙo_a_nan:
Na buɗe sabon suna ne don in rubuta wannan, kuma na goge ya fi sau biyar. Ina cikin zauren nan da daɗewa, wasunku mun sha gaisawa. Ni Bahaushe ne, Musulmi, ina zaune a ɗaya daga manyan biranen Arewa. Tun ina ɗan shekara goma sha uku na san yadda zuciyata take. Ban taɓa zuwa Turai ba, lokacin ko waya ba ni da ita, ba wanda ya koya mini. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, na yi kuka a sujada har na rasa hawaye.

Akwai wanda nake ƙauna shekara tara. Abin da mutane ke tunani in sun ji irin wannan, ba shi ne rayuwarmu ba. Rayuwarmu ita ce ya kira ni ya ji ko na ci abinci, in raka shi duba mahaifinsa, ya san ina cikin damuwa tun daga yadda na yi sallama. Bara ya kwanta asibiti kwana goma sha ɗaya. Na zo a matsayin aboki, na zauna a benci a waje tare da sauran abokai, ana ba ni labarin jikinsa kamar baƙo. Da dare in koma gida in kasa barci. Da na karanta labarin kujerar nan ta Manchester sai na ji ina ma a ce ni ne a kujerar.

Ban zo neman a halatta mini komai ba. Na san ayoyin, na haddace su kafin wasunku. Yaya Dan_Fagge, ka ce kamar kyanwa ne. Ina roƙonka ka janye wannan kalmar kawai.

Shugaban_Zaure:
Sanarwa: duk wanda ya yi yunƙurin gano ko wane ne Baƙo_a_nan, ko ya ɗauki hoton rubutunsa ya kai wani wuri, zan cire shi nan take. Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. A ci gaba da magana cikin ladabi.

Dan_Fagge:
Na janye maganar kyanwa, ban kyauta ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba ɗan uwa, ina ganin hanyar da kake kai ba mai ɓullewa ba ce, kuma ina yi maka addu'a Allah ya kawo maka mafita.

Baƙo_a_nan:
Amin. Na gode.

Uwar_Biyu:
Ni kuma bari in faɗi ɓangaren da ba a faɗa. Shekara bakwai na yi da mijin da iyayensa suka san halinsa, suka ce aure ne maganinsa, aka nemo ni ina 'yar shekara goma sha tara. Bai taɓa zagina ba, bai rage ni da ci da sha ba, amma ban taɓa ganin idonsa ya yi haske don na shigo ɗaki ba. Na yi ta gyaran jiki, na sha magungunan mata, na zargi kaina, na zargi sammu. Ranar da na ji yana waya da wani cikin dare, muryar da na ji ban taɓa jin ta ba duk zamanmu. A nan na gane yana da so a zuciyarsa, ba nawa ba ne kawai. Mun rabu, 'ya'ya biyu suna hannuna.

Don haka Maman Ilham, amsata e, so ne, na ji shi da kunnena kuma ya ƙona ni. Baƙo_a_nan, ina jin tausayinka har raina, amma in gida suka matsa maka ka yi aure, ka ji tsoron Allah a kan 'yar mutane. Ita ma zuciya gare ta.

Baƙo_a_nan:
Anti, wannan shi ne abin da ke hana ni barci yanzu. An fara kawo mini hotuna. Ina ta kawo uzurin kuɗi, amma uzurin ya kusa ƙarewa.

Malam_Tudun_Wada:
Uwar Biyu ta taɓo babban abu. Iyayen da suka san halin ɗansu suka ɓoye suka aurar masa da yarinya sun yi ha'inci, kuma ha'inci a aure zalunci ne. Aure ba asibiti ba ne. Ɗana Baƙo, ba ni da wata sabuwar fatawa da zan ba ka, hukuncin yana nan yadda ka san shi. Amma abin da zuciya ta ji ba da zaɓinta ba, ba a rubuta shi zunubi, aiki ake rubutawa. Kada ka bar salla, kada ka yarda wani ya ce maka ƙofar Allah ta rufe, kuma kada tunanin cutar da kanka ya zo maka ka yi shiru. Akwatin saƙona a buɗe yake, ba zan tambaye ka sunanka ba.

Nas_Jos:
Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren asibiti, don benci da Baƙo ya ambata na san shi. A Ingila ma haka aka yi a shekarun 1980 lokacin da ƙanjamau ta ɓarke: mutum ya yi jinyar abokin zamansa har ƙarshe, dangin da suka guje shi su zo su ɗauki gawa da kaya, a hana shi ko zuwa jana'iza. Tsoro ya kai ma'aikata na gudun taɓa majinyata, shi ya sa musabahar da Gimbiya Diana ta yi da wani mai cutar ba safar hannu a Landan a 1987 ta zama labarin duniya. Rajistar da aka kawo daga baya, rabin dalilinta ke nan: wa likita zai kira, wa zai sa hannu, wa zai ci gaba da zama a gidan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi daga jerin cututtuka tun 1990, don haka babu allura ko ƙwaya da za mu ba wani. Abin da na gani da idona shi ne bayan dokar 2014 wasu samari da ke zuwa karɓar maganin ƙanjamau a inda nake aiki a lokacin sun ɗauke ƙafa, suna tsoron a gane su. Wasu sai da jiki ya lalace aka kawo su a kwance. Wasunsu kuma suna da mata a gida.

Dan_Kasuwa_Joburg:
Ku bar ganin doka ita ce komai. Nan Afirka ta Kudu tsarin mulkin 1996 ya hana nuna bambanci a kan wannan, kuma tun 2006 ake ɗaura auren jinsi, su ne na farko a Afirka. A Cape Town ko unguwannin masu kuɗi na Johannesburg za ka ga mata biyu riƙe da hannu ba mai ɗaga kai. Ka yi tafiyar rabin awa zuwa unguwannin talakawa, a can ake yi wa irinsu fyaɗe wai don a gyara su, wasu a kashe su. Gari ɗaya, doka ɗaya. Haka a Legas da Abuja, mai kuɗi yana da katanga da maigadi, talaka a gidan haya mai ɗaki goma yake, kuma shi 'yan damfara ke yaudara ta intanet su yi masa duka su ƙwace waya su ce za su tona masa asiri. So kam yana faɗa wa kowa, amma wurin ajiye shi ba kowa ke da shi ba.

Abban_Sadiq:
Duk na ji, kuma labarin Baƙo ya taɓa ni. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da yara. Tausayin babba daban, abin da za a koya wa ɗan shekara bakwai daban.

Hajiya_Zango:
Ba wanda ya ce ka sauka daga bakanka, Abban Sadiq. Sai dai ka tuna shi ma Baƙo ɗan wani ne, kuma ya ce yana da shekara goma sha uku bai da wanda zai faɗa wa.

Maman_Ilham:
Salam. Kwana tara ban leƙo ba. Marar lafiyar ya kamu da ciwon huhu, aka kai shi asibiti ranar Talata, ya rasu daren Juma'a. Dattijon yana riƙe da hannunsa, ma'aikatan sun bar shi ya kwana a ɗakin. Ofis suka turo mini saƙo cewa an cire gidan daga jerin aikina, shi ke nan, layi ɗaya.

Malam, me ake cewa a irin wannan gaisuwar? Ba Musulmi ba ne, kuma ga yadda suke. Amma ba zan iya yin kamar ban san gidan ba.

Malam_Tudun_Wada:
Ki je. Ki ce masa kin ji abin da ya faru, kina taya shi jimami, Allah ya ba shi haƙuri. Ki faɗa masa abin da kika gani na kulawar da ya yi, don gaskiya ce. Ba a hana yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya.

Nas_Jos:
Ki fara sanar da shugabar aikinki kafin ki je, wasu kamfanonin suna da ƙa'ida a kan ziyartar gidan da aka rufe. Yawanci ba sa hana gaisuwar mutuwa in an tambaya. Kuma ki duba ko akwai mai leƙa shi, wanda ya yi doguwar jinya yakan faɗi da zarar jinyar ta ƙare.

Maman_Ilham:
Na tambaya, sun yarda. Na je yau da yamma da 'yar dafa-duka a kula, ban sa yaji da yawa ba. An riga an zo an kwashe gadon asibitin da keken guragun, falon ya zama fili, sai sawun ƙafafun gadon a kan kafet. Kujerar tana inda take, da bargonsa a kai. Na ce masa yanzu ai sai ya koma sama ya kwanta a gado sosai ko bayansa ya huta. Ya ce ya hau jiya, ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya sauko.

Jana'izar ranar Alhamis ce. Ya ce mutanen da suka sani yawancinsu sun riga su tafiya, ba ya tsammanin za a kai mutum goma. Ina da aikin safe a ranar, ina neman wadda za mu yi musaya.

Bakatsine_Leeds:
Ƙarfe nawa ne? Alhamis ba na fita sai dare, Leeds zuwa Manchester awa ɗaya ce. In dattijon ba shi da mai kai shi, ki turo mini saƙo.

Dan_Fagge:
Ni dai har yanzu da sauran tambaya a raina game da sunan da kuka ba abin. Amma Maman Ilham, in kin je ki ce masa wani daga Kano yana yi masa gaisuwa.

Baƙo_a_nan:
Ki ce masa mutum biyu.